Sanƙarau Ya Samu Rigakafi, Maruru Bai Samu Ba: Waiwaye Kan Annobar 1996

Wani mai karatu daga Jakara ya aiko da tambaya: tunda an samar da rigakafin sanƙarau, me ya hana a samar da na maruru, alhali da wuya ka sami gidan da ba a taɓa kai yaro wurin wanzami ya tsaga masa shi ba? Ƙwayar da ke kawo maruru, wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus, ita ce dai kan ruɓar da cibiyar jariri da wurin ɗinkin tiyata, in ta faɗa cikin jini kuwa sai wani ikon Allah. Tun 1880 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Ogston, ya hango ta cikin mugunya, amma har yau babu rigakafinta. Ba za a fahimci dalili sosai ba sai an waiwayi abin da ya faru a nan Kano a 1996.

Ƙwayar sanƙarau lulluɓe take da wani ɓawo mai sinadarin sukari. Idan aka ɓare shi aka yi wa mutum allurarsa, garkuwar jiki za ta shaida shi, ranar da ƙwayar ta shigo sai ta far mata. Emil Gotschlich da abokan aikinsa ne suka fito da wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, kuma irin allurar aka yi wa mutum fiye da miliyan 13 a Najeriya a 1996. Sai dai kariyarta ba ta daɗewa, ba ta kuma kama jikin jarirai sosai, don haka ba a fito da ita sai annoba ta ɓalle. Mutum 109,580 aka ƙidaya sun kamu a shekarar, 11,717 suka rasu.

Ana cikin wannan hali ne, cikin zafin bazara, ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, da wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 suka ɗiba, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, sha ɗaya suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu. Kamfanin ya tsaya kan cewa an yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran, ba maganin ba. Iyayen suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ne, balle a sanar da su cewa a harabar asibitin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ba da maganin da aka riga aka amince da shi. Game da abin da ya kashe yaran, alƙaluman ba su isa a yanke hukunci ba. Game da amincewa kuwa, maganar iyayen ta fi kama hankali, don akwai takarda: wasiƙar izinin gwajin, mai ɗauke da sunan kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan watanta baya, lokacin gwajin ma babu kwamitin. Mai gaskiya ba ya bukatar irin wannan wasiƙa. Kwamitin bincike na Dakta Abdulsalami Nasidi ya ce gwajin ya saɓa doka a rahotonsa na 2001, rahoton da bai fito fili ba sai 2006. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba.

To, ga yadda ta kaya da maruru. Masana sun zaci dabarar ɓawo za ta ci a nan ma. Rigakafin StaphVAX, da aka haɗa daga ɓawon ƙwayar, ya faɗi a 2005 a gwajin masu wankin ƙoda. Kamfanin Merck ya auna wani furotin da ke kafe a bangon ƙwayar, wanda take zuƙar sinadarin ƙarfe daga jini da shi, aka gwada kan masu tiyatar zuciya kusan 8,000, aka tsayar a 2011. Na Pfizer ma an dakatar da shi a 2018. Matsalar ita ce ƙwayar 'yar gida ce, tana zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku, jiki ya saba da ita. Tana kuma da wani furotin a bangonta da ke cafke sojojin garkuwar jiki ta wutsiya, su kasa aiki.

Mai shakkar gwajin magani zai ce ai ga hujja: a gwajin Merck, waɗanda aka yi wa allurar suka kamu da cutar sun fi mutuwa. Haka ne. Amma wa ya gano? Kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluma shi ya ba da shawarar a tsayar da aikin, aka kuwa tsayar, aka buga sakamakon kowa ya gani. Abin da yaran Asibitin Zana suka rasa ke nan. Kuma gwaji mai tsari ne ya haifar da MenAfriVac a 2010, wanda ya kusan shafe nau'in sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996, sannan Men5CV da Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024.

Ana ci gaba da bincike kan bangon ƙwayar maruru, kuma wata rana gwajin zai iya zuwa Kano. In ya zo, kada a kore shi, kada kuma a miƙa yaro ido rufe. A nemi takardar kwamitin ɗa'a, a duba kwanan watan da ke kanta.