KESO: LABARIN DUBU ASHIRIN



Kafin mu fara, rubuta 20,000 da kalmomi. In ka rubuta "dubu ashirin", ka yi daidai. In kuwa ka sa "dubu da ashirin", to 1,020 ka rubuta. Wannan ƴar "da" ɗin ta cinye maka 18,980. A jarrabawa maki ne ya tafi, a takardar bashi kuwa rigima ce.

Kakanninmu suna da kalma guda ta wannan adadi: keso. Asalin keso tsohuwar tabarma ce, amma a zamanin da ake ciniki da wuri, buhun kaba mai ɗauke da wuri 20,000 shi ma keso ake ce masa. Kar ka manta, ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce.

A shekarar 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga yadda ake ƙirgar wuri a Tasawa, cikin Nijar ta yau. Ba a shirya shi a zare ba, a warwatse yake. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000. Wuri 20 shi ne hauya, don haka tsibin 200 hauya goma ke nan. Ya ce ko an kawo buhu a ɗaure, ba mai karɓa sai ya ƙirga da kansa.

To, me ya sa 20,000 ta dace da wannan ƙirga? Duba cikinta. Lamba ce cika, ba mara ba. In ka yi ta raba ta har ƙarshe, 2 da 5 kawai za ka tarar: 2 x 2 x 2 x 2 x 2 ya ba da 32, 5 x 5 x 5 x 5 ya ba da 625, sannan 32 sau 625 ya ba da 20,000 cif. Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. Shi ya sa keso ɗaya ya zama hauya dubu, ko tsibi ɗari na 200. A Kano Barth ya tarar dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce, wato keso ɗaya dala takwas daidai.

Amma fa ba ta rabuwa uku. Fatake uku su raba keso, kowa ya ɗau 6,666, wuri biyu su rage a tabarma.

Tsofaffi kuma sukan ce "zambar ashirin", don zambar na nufin dubu idan wata lamba ta biyo ta.

Ga aikin yau: rubuta 20,020 da kalmomi, ka lura da inda za ka sa "da". Sannan ka tambayi kakarka ko ta san keso, ka zo mana da amsarta.