Alayyahun Bakin Kogi da Ruwan Masaƙa

Mu da muka taso a Unguwar Mu'azu mun san ganyen rani da ake nomawa a bakin Kogin Kaduna: alayyahu, latas, kabeji, kore shar ko a tsakiyar bazara. Ba mu taɓa tambayar ruwan da ya raine su ba.

A 1957 gwamnatin Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960. Dubban gidaje sun ci abinci da waɗannan masaƙu. Ruwan rini kuwa, da abin da ke cikinsa na sinadarai da ƙarafa masu nauyi irin su kromiyam da tagulla, ta magudanan Kakuri da Makera yake gangarawa kogi, masu lambu suna ban ruwa da shi a hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Launin ruwan ya tafi, amma ƙarfe ba ya ruɓewa, yana nan cikin laka. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: fayil ɗin da ka ce ka goge yana nan a faifai, sunansa kawai aka cire.

A 1983 Rufus Chaney, masanin ƙasar noma a Amurka, ya kawo shawarar a shuka tsiron da ke zuƙar ƙarfe ta saiwa ya tara a ganye, a girbe, a ƙone, a killace tokar, a sake shukawa. Abin da lambunanmu suka shekara suna yi ke nan ba da niyya ba, domin alayyahu gwani ne wajen zuƙa. Bambancin kawai, maimakon a killace girbin, sai aka kai shi kasuwa, muka yi miya da shi.

Dabarar tana da nawa, tana cin shekaru. Shi ya sa da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ba wanda ya tsaya jiran ciyawa. Kankare ƙasar gidaje aka yi a Dareta da 'Yargalma, aka zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka yi nata. Dalma dama ba ta hawa ganye da sauƙi.

Bakin koginmu ba irin wannan gaggawar ba ce, kuma muna da tsiron da ya dace: jema, wadda kakanninmu ke saƙa zana da ita. 'Yar'uwarta ta Indiya ake dasawa a wuraren haƙar ma'adinai a ƙasashe da dama, saboda saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, tana riƙe ƙarfen a nan. Ba a miya da ita. Sai dai mai lambun da za a ce ya bar latas ya dasa jema zai tambayi wa zai ciyar da gidansa a shekarun nan, kuma masaƙar da ta zubar da ruwan ta riga ta rufe.