Hatimi da agogo a kan hanyar Brest

A 1891 jaridar Le Petit Journal ta Faransa ta shirya tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200. An sa wa kowane keke hatimin dalma, don kada wani ya musanya nasa a hanya. Charles Terront ne ya zo na ɗaya, cikin awa 71 da 'yan mintoci.

A 1931 aka ware tafiya ta daban ga waɗanda ba tsere ne sana'arsu ba. Yau wa'adin mafi tsawo awa 90 ne, har da barci da cin abinci. Kowane zango yana da lokacin rufewa, kuma sai an buga wa katinka hatimi. Ka tsallake guda, ko ka iso Paris, wahalarka ta tashi a banza: kati ne shaidarka.