Ƙaguwa da Kifi a Tarihin Su na Kudancin Kano

Ƙaguwa, wato halittar nan ta ruwa mai ɓawo mai tauri da ƙafafu goma, ta daɗe a rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, su ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada kafin su haɗu a Kogin Kano, amma duk da wannan daɗewar ba ta samu gurbi a tukunyar Bahaushe irin wanda kifi ya samu ba. Ba addini ne ya hana ta ba, domin mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin suke bi, ta halatta cin dabbobin ruwa, saɓanin mazhabar Hanafiyya da ta taƙaita halaccin a kan kifi. Dalilin ya fi karkata ga yanayin ruwa da na ciniki: ƙaguwar rafi ƙarama ce, namanta bai taka kara ya karya ba, ba ta kuma kusanci manyan ƙaguwoyin tekun Alaska waɗanda ake turara ƙafafunsu don liyafa a Amurka ba.

Kafin zamanin madatsun ruwa, su, wato sana'ar kamun kifi, aikin rani ne a wannan yanki, saboda kogunan suna cika su tumbatsa da damina, sannan su janye su bar guraben ruwa nan da can, inda manoma kan shiga da homa, wato ƙaramar komar hannu, da gora da ake hawa a kan ruwa, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Abin da aka kama ya wuce na miya, sai a yi bandarsa, ma'ana a busar da shi da hayaƙi don ya jure tafiya zuwa kasuwa, kuma a nan ne tarwaɗa ta yi wa ƙaguwa nisa, tunda abin da ba ya ajiyuwa ba ya zama hajar fatake.

Madatsar ruwan Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, lokacin da fari ya addabi Arewa, ita ce ta sauya wannan tsari gaba ɗaya. An gina ta ne musamman don noman rani a Kadawa, sai dai tafkin da ta samar, mai faɗin murabba'in kilomita 178, ya mayar da su sana'ar shekara, ya jawo masunta daga wasu garuruwa da kwale-kwalensu da kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa ta kwana, da mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi. Ta haka karfasa da tarwaɗa suka wadata, soyayyen kifi da yaji ya zama abin da matafiyi yake tsammani a Tiga da Bagauda da Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru.

Wannan arziki bai zo kyauta ba, kuma bai kamata marubucin tarihi ya kawar da kai daga haka ba, domin ruwan da aka tsare a Tiga shi ne wanda a da yake malala a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda raguwar ambaliya ta rage wa masuntan can wuraren da kifi yake hayayyafa.