Daga Ƙuri'a Zuwa Shawara: Tarihin Bakin Unguwa a Lasisin Giya a Sikotland

Duk ɗalibin da ke nazarin mulkin ƙananan hukumomi zai yi ta cin karo da kalmar "tuntuɓar jama'a", har ta zame masa gishirin kowace miya. Abin da ba a cika tsayawa a auna ba shi ne nauyin maganar jama'ar a wurin mai yanke hukunci bayan an gama sauraronsu. Ƙasar Sikotland, wadda ke arewacin Birtaniya, ta gwada hanyoyi daban-daban a kan wannan batu cikin shekara ɗari da 'yan kai, kuma fagen da aka fi yin gwajin shi ne lasisin sayar da giya, domin babu sana'ar da ta kai ta haɗa mai riba da maƙwabcinsa faɗa.

A ƙarni na 19 alƙalan gari ne ke ba da lasisin mashaya, mutanen unguwa kuwa sai dai su kai kuka ta hannun coci da ƙungiyoyin yaƙi da shan giya. Matsin lambar waɗannan ƙungiyoyi ne ya haifar da dokar 1853 da aka fi sani da sunan Forbes Mackenzie, wadda ta rufe mashaya ranar Lahadi, ta kuma sa a kulle su da ƙarfe 11 na dare a sauran ranaku. Wannan bai ishi 'yan gwagwarmayar ba. Abin da suke nema shi ne a danƙa wa kowace unguwa wuƙa da nama, ta yanke wa kanta hukunci.

Sun sami biyan bukata a dokar 1913. Idan kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe a wani yanki suka sa hannu, wajibi ne a kaɗa ƙuri'a a kan zaɓi uku: a bar al'amura yadda suke, ko a rage lasisin da kashi ɗaya cikin huɗu, ko a soke su. Sai dai majalisar dokoki ta ɗaure zaɓi na uku da igiya biyu. Ba zai tabbata ba sai ya sami kashi 55 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, kuma waɗanda suka zaɓe shi su kai kashi 35 cikin 100 na dukkan masu rajista. Ma'ana, wanda ya yi zamansa a gida ya taimaki mai mashaya ko da bai yi niyya ba. An kuma jinkirta aiki da dokar har zuwa 1920 domin 'yan kasuwa su kintsa, kuma sun kintsa ɗin. Cikin yankuna 584 da aka yi ƙuri'a a wannan shekara, 508 sun zaɓi a bar kome yadda yake, 35 suka rage, 41 kaɗai suka soke. Garin Wick na masunta ya zauna ba mashaya daga 1922 zuwa 1947, Kirkintilloch kuwa har ƙarshen shekarun 1960. Ƙarfin wannan guguwa ya kai har a zaɓen 1922 Winston Churchill ya rasa kujerarsa ta Dundee, Edwin Scrymgeour, mai neman a haramta giya ɗungum, ya shiga majalisa.

Dokar na da ramuka. Otal da gidan abinci na iya ba da giya tare da abinci, kulob-kulob ba ta shafe su ba, mai sha kuma yana iya tsallakawa unguwar gaba. Duk da haka, mai karatu ya riƙe wannan: sakamakon ƙuri'ar umarni ne, babu hukumar da ta isa ta ce ta ji amma ba ta gamsu ba.

Majalisun unguwa sun fito ne ta wata ƙofa dabam. Hukumar bincike ta Wheatley ta ba da rahoto a 1969 cewa ƙananan hukumomin ƙasar, waɗanda suka haura 400, sun yi yawa kuma sun yi ƙanana. Dokar 1973 ta rushe su, daga 1975 aka koma larduna 9 da gundumomi 53 da hukumomin tsibirai 3. Garuruwan da suka yi ɗaruruwan shekaru da majalisarsu da magajin garinsu suka wayi gari ana mulkinsu daga nesa. Don a share musu hawaye dokar ta ƙirƙiro majalisar unguwa, ta kuma iyakance aikinta: ta binciko ra'ayin mutanen yankinta, ta daidaita shi, ta isar wa hukuma. Ba ta karɓar haraji, ba ta gudanar da makaranta ko asibiti, 'ya'yanta ba su da albashi. Ta ɗan yi kama da mai unguwa wajen isar da kuka, sai dai ita ba gado ba ce, zaɓe ne, ko da yake sau da yawa 'yan takara ba sa kai yawan kujeru, sai a ayyana su ba hamayya. A yau akwai kimanin 1,200 a faɗin ƙasar.

A daidai wannan lokaci kwamitin likita Christopher Clayson ya miƙa rahotonsa na 1973 a kan dokokin giya, wanda ya zama tushen dokar 1976. Ita ce ta binne ƙuri'ar unguwa. Ta mayar da ba da lasisi hannun hukumomi na musamman da kansiloli ke zama a cikinsu, ta sassauta lokutan buɗe mashaya, sannan ta jera waɗanda ke da ikon ƙalubalantar neman lasisi: maƙwabta, da coci mai wakiltar jama'a masu yawa, da shugaban 'yan sanda, da majalisar unguwa. A ganina nan ne tarihin ya juya. An karɓe sanda daga hannun unguwa, aka ba ta kujera a zauren shari'a. Masu goyon bayan canjin na da hujjarsu, domin ƙuri'ar ta zama abin da ba a cika waiwaya ba, kuma hukumar kansiloli ma zaɓaɓɓiya ce. Amma zaɓen kansila a kan batutuwa ashirin daban yake da zaɓe a kan mashayar da ke bakin ƙofarka.

Bayan Sikotland ta sami majalisar dokokinta a 1999, kwamitin alƙali Gordon Nicholson ya sake duba tsarin, ya ba da rahoto a 2003. Daga nan aka sami dokar 2005, wadda ta fara aiki sosai ranar 1 ga Satumba, 2009. Ta kafa manufofi biyar: hana laifi da tarzoma, tsare lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun maƙwabta, kare lafiyar al'umma da inganta ta, da kare yara daga cutarwa. Ta buɗe ƙofar ƙalubale ga kowa, ta wajabta a sanar da majalisar unguwa duk sabon neman lasisi a yankinta, tare da wa'adin kwana 21. Amma abin da ta bayar da dama ta rage shi da hagu. A ƙarƙashin dokar 1976 mai ƙalubale na iya ɗaukaka ƙara idan aka ba da lasisin; yanzu wanda aka hana lasisi ne ke da wannan dama. Bugu da ƙari, hukuma ba ta da ikon ƙin bayarwa sai da ɗaya daga dalilan da doka ta lissafa. "Ba ma so" ba dalili ba ne, ko da unguwar duka ta faɗe shi.

Wannan ne ya sa kundin manufa ya zama ainihin fagen daga. Doka ta tilasta wa kowace hukumar lasisi ta wallafa kundin da ke bayyana yadda za ta yi aiki: lokutan buɗewa da rufewa, sharuɗɗan shigar yara, da kuma, mafi muhimmanci, ko akwai yankin da wuraren sayar da giya suka wuce kima. Kafin ta wallafa sai ta tuntuɓi zauren lasisi na yankin, inda 'yan sanda da jami'an lafiya da masu sana'ar da mazauna gari ke zama tare, ta tuntuɓi hukumar lafiya, a batun wuce kima kuma har da wakilan mazauna yankin. Nan majalisun unguwa kan shigo. Idan aka ayyana yanki a matsayin wanda ya cika, nauyin hujja kan koma kan mai neman lasisi, shi zai nuna dalilin da za a ware shi. Idan ba a ayyana ba, majalisar unguwa za ta yi ta bin lasisi ɗaya bayan ɗaya, 'yan sa-kai a gefe guda, lauyoyin manyan kantuna a ɗaya gefen. Tun ran gini ake zane, in ji Bahaushe, kuma ranar ginin a nan ita ce ranar tuntuɓa a kan kundin.

Misalai biyu sun nuna nauyin abin. A 2010 hukumar West Dunbartonshire ta dogara da alƙaluman lafiya da na laifuka ta ayyana mafi yawan yankunanta a matsayin waɗanda suka cika. A 2016 kuma kamfanin Aldi ya kayar da hukumar Dundee a kotu, saboda an sami aibi a yadda aka gudanar da tuntuɓar da aka gina manufar a kanta. Tuntuɓar da wasu ke ɗauka cika sharaɗi ce kawai, ita ce ginshiƙin da kotu ta girgiza.

Abin da ke raunana majalisun shi ne irin hujjar da ake nema. Dattijuwar da ta san ƙarfe nawa ake fasa kwalabe a layinsu tana da ilimi na haƙiƙa, amma sai an mayar da shi rubutu, da ranaku, an ɗaure shi da ɗaya daga manufofin biyar kafin ya yi tasiri. Unguwannin masu hali na da tsofaffin lauyoyi da malamai masu iya wannan aiki, alhali wasu unguwannin talakawa, inda cutar giya ta fi tsanani, ko majalisar ma ba su da ita. Ga shi kuma mafi yawan giyar yanzu a kantuna ake sayenta a sha a gida, inda ɓarnarta ba ta fitowa titi balle maƙwabci ya shaida.

Da farko duk shekara uku ake sabunta kundin. Gyaran dokar 2015 ya ɗaure shi da zaɓen kansiloli: a wallafa cikin wata 18 bayan zaɓe. Zaɓen Mayun 2017 ya haifar da kundayen Nuwamban 2018, na Mayun 2022 ya haifar da na Nuwamban 2023. Majalisar unguwar da wa'adin ya wuce ta tana barci, sai ta jira kusan shekara biyar, in ba hukumar ce ta ga damar fitar da ƙarin bayani a tsakani ba.