Yadda Gidan Tarihi Ya Shiga Cikin Littafi

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin Kano a takarda. Da aka tashi buga littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, a 1857 da 1858, ba zanen hannunsa aka sa ba. An miƙa shi ga wani gwanin zane a Munich, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi ya sake zana shi, ya kintsa shi yadda zai yi wa idon Bature daɗi, sannan aka buga da launi. Kanon da Turawa suka gani a littafi ke nan, Kanon da ta bi ta hannun mutum biyu kafin ta kai ga mai karatu.

Barth bai yi wani abin da ba a saba ba. Haka kusan kowane littafi mai hoto yake a zamaninsa. Idan ana son a nuna wa mutumin Landan wani zane da ke rataye a Rum, sai wani ya kwaikwaye shi, wani kuma ya ƙwaƙule kwaikwayon a jikin katako ko farantin tagulla, a shafa tawada a danna. Kowane hannu yana rage wani abu, yana ƙara nasa. Gani ya kori ji, amma wannan ganin kansa rabinsa ji ne.

Wadda ta fara cire hannun mai zane daga tsakani mace ce, Anna Atkins, 'yar Ingila mai nazarin tsirrai. A 1842 abokin gidansu, Sir John Herschel, ya gano cewa takardar da aka shafa wa wani sinadarin ƙarfe tana komawa shuɗiya idan rana ta doke ta. Atkins ta ɗauki wannan dabara. Takan shimfiɗa ciyawar teku a kan takardar, ta danne da gilashi, ta fitar rana, sannan ta wanke da ruwa zalla. Inda ciyawar ta kare ya tsaya fari, sauran ya yi shuɗi, kowane siririn reshe ya fito da ainihin girmansa. Babu kyamara a aikin ko kaɗan. A watan Oktoban 1843 ta fitar da kashi na farko na Photographs of British Algae, ta ci gaba har shekara goma, shafukan hoton suka kai wajen 400, kuma kowane shafi na kowane kwafi sai da aka shanya shi a rana shi kaɗai. Kwafi kaɗan ta yi, ta raba wa masana da abokai. Ba ta sa cikakken sunanta ba, haruffa biyu kawai ta rubuta, A.A., har daga baya wani mai tara littattafai ya zaci suna nufin wani ɗan koyo ne da ya ɓoye kansa. Sai a shekarun 1980, da binciken Larry Schaaf, aikinta ya samu matsayin da ya cancanta.

Bayanta da 'yan watanni William Henry Fox Talbot, wanda ya ƙirƙiro nagatif, ya fara fitar da The Pencil of Nature, kashi shida tsakanin 1844 da 1846, da hotuna 24. Shi na sayarwa ne. Abin da ya fi jan hankalina a littafin shi ne irin abubuwan da ya zaɓa ya ɗauka: kantar tangaran, kantar kofunan gilashi, kantar littattafai, gunkin wani jarumin Girka. Wato tun ranar farko mutumin ya hango cewa hoto zai zama rajistar kayan tarihi. Har ya ce idan ɓarawo ya kwashe tangaran ɗin, hoton zai iya tsayawa shaida a gaban alƙali. Sai dai kowane hoto da hannu aka wanke shi, da hannu aka manna, kuma ba a jima ba da yawansu suka fara dusashewa. Ciniki bai yi ba, aka tsaya.

Shekara arba'in aka yi a wannan hali. Gidajen hoto irin na 'yan'uwa Alinari, da aka kafa a Florence a 1852, suna sayar da hotunan zane-zane da gine-gine ɗai-ɗai, mai hali ya saya ya manna a kundinsa. Matsalar ita ce injin ɗab'i bai san toka-toka ba: ko ya sa tawada ko kada ya sa, alhali hoto kusan dukkansa inuwa ce mai hawa-hawa. Mafitar da aka samu ita ce a sake ɗaukar hoton ta bayan wani gilashi mai ƙananan ramuka kamar rariya, wanda ke farfasa shi zuwa ɗige-ɗige. Inda duhu yake ɗigon ya yi girma, inda haske yake ya ƙanƙance, ido kuma daga nesa ya haɗa su. Jaridar Daily Graphic ta New York ta gwada haka a ranar 4 ga Maris 1880, Georg Meisenbach ya yi rajistar tasa dabarar a 1882, kuma kafin ƙarnin ya ƙare hoto da rubutu sun fara hawa shafi ɗaya a bugu ɗaya. Duk wanda ya kusanto da tsohuwar jarida kusa da idonsa zai ga ɗigon.

A wannan tsakanin gidajen tarihin ma suna sauya hali. Da can ma'ajiya ce ta sarakuna da masana. Henry Cole, wanda ya jagoranci gidan tarihin South Kensington da aka buɗe a Landan a 1857 (shi ne Victoria and Albert na yau), ya sa fitilun gas don leburan da ya wuni a masana'anta ya iya zuwa da dare. Ya kuma riƙa tura kaya da hotuna zuwa makarantun zane na sauran garuruwa. A 1899 aka buɗe gidan tarihin yara na farko a Brooklyn. Da zarar an yarda cewa aikin gidan tarihi koyarwa ne, sai tambayar wanda ba zai iya zuwa ba ta taso, kuma amsarta littafi ce.

Waɗanda suka mai da amsar nan kasuwa galibi mutanen Vienna ne, kuma Hitler ne ya watsa su duniya. Béla Horovitz da Ludwig Goldscheider suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin Phaidon a 1923. A tsakiyar shekarun 1930 suka fara fitar da manyan littattafai kan Van Gogh da Botticelli da makamantansu. Lissafinsu mai sauƙi ne: kuɗin shirya farantin hoto ɗaya ne, ko kwafi ɗari za a buga ko dubu hamsin, saboda haka a buga da yawa, a sayar da araha. Goldscheider kuma ya ƙware wajen yanko wani ɓangare na zane, hannu ko ido, ya cika shafi da shi, har mai karatu ya ga abin da mai tsaye a gidan tarihi ba ya gani. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938 suka koma Landan. Can ne a 1950 suka buga The Story of Art na Ernst Gombrich, shi ma ɗan Vienna, wanda ya rubuta shi don matasa kuma ya ɗaura wa kansa sharaɗin ba zai yi magana kan aikin da ba zai iya nuna hotonsa ba. An fassara shi zuwa harsuna sama da talatin, an sayar da miliyoyi. Walter da Eva Neurath, su ma 'yan gudun hijira, suka kafa Thames & Hudson a 1949, suka fara jerin World of Art a 1958, ƙananan littattafai daidai aljihun ɗalibi. Daga baya Benedikt Taschen na Cologne, da ya fara da sayar da littattafan barkwanci a 1980, ya ƙara karya farashin.

Marubucin Faransa André Malraux ya ba wannan sabon abu suna a 1947, ya kira shi gidan tarihi na zuci. Ya yi murna da shi, amma ya lura da abin da yake ci. A shafin littafi, zobe da dutsen da aka sassaƙa mai tsayin bene girmansu ɗaya. Nauyi ya tafi, wurin da abin yake zaune ya tafi, aikin da ake yi da shi ya tafi, saura siffa.

Babu wanda wannan asara ta taɓa kamar Afirka. Bayan sojojin Ingila sun kwashe fadar Benin a 1897, shekara biyu kacal aka yi British Museum ta fitar da babban littafi mai hotunan ganimar. A 1915 Carl Einstein ya buga littafinsa kan sassaƙar Afirka a Leipzig, da hotuna sama da ɗari. Ya yaba wa aikin da gaske, a lokacin da yawancin Turawa ke raina shi, amma babu bayani a ƙarƙashin hotunan: ba gari, ba ƙabila, balle sunan maƙeri ko masassaƙi. Ko a littafin Gombrich, wanda bugunsa na farko babu mace ko ɗaya a cikin masu zanensa, kan tagulla na Ife a babin farko ya samu wuri, tare da zanen kogo, kamar dai Afirka share fage ce kafin labari ya soma. Fasahar buga hoto ta gama nuna tun 1900. Ladabin rubuta sunan mai aiki a ƙarƙashinsa shi ne ya yi jinkiri, kuma a ganina wannan ne ainihin tarihin littafin fasaha a nahiyarmu.

Gyaran ya fara daga gida, a hankali. Mujallar Nigeria, ƙarƙashin E. H. Duckworth, ta riƙa buga hotunan sana'o'in hannu tun shekarun 1930. Kenneth Murray ya fara hukumar kula da kayan tarihi a 1943, Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952, na Legas ya biyo a 1957, na Yamai a 1959, inda aka zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a idon baƙi. Frank Willett, da ya yi haƙa a Ife, ya rubuta African Art a jerin World of Art a 1971. A 1977, shekarar bikin FESTAC, Ekpo Eyo ya fitar da Two Thousand Years of Nigerian Art, babban littafi mai launi wanda ɗan ƙasa ya rubuta. Mu kuma abin da ya fi kusa da mu shi ne The Arts of the Hausa na David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya fito a 1976 tare da nunin da aka yi a Landan: manyan riguna, huluna, aikin fata, ƙwarya, kayan doki. Heathcote ya zauna da masu ɗinki, ya tambayi sunayen zane, shi ya sa aikinsa ke da amfani har yau. Littafin J. C. Moughtin kan ginin Hausa ya zo a 1985. A fagen gini dai mun yi sa'a, domin sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya, bai ɓata ba. Mutanen gari ne suka riƙe shi kafin littafi ya zo ya tarar.

Labarin Seydou Keïta ya nuna yadda abin ya ƙi ƙarewa da wuri. Ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki mutanen birnin dubbai, mata da ɗankwali da zobba, samari riƙe da rediyo ko jingine da babur. A 1991 aka rataya wasu hotunansa a wani nuni a New York, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Mutumin yana raye, yana zaune a Bamako. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya tafi can da kwafin hotunan, ya nuna wa mai hoto Malick Sidibé, shi kuwa kallo ɗaya ya yi ya faɗi mai su. A 1994 aka fara bikin hotuna na Bamako, a 1997 littafin Keïta ya fito da sunansa a bango, a 2000 aka yi wa J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya nasa, mai ɗauke da kitson mata da ya fara tarawa tun 1968. Amma a nan ma maganar Malraux ta tabbata. Hoton da Keïta ya wanke wa mai shi ɗan ƙarami ne, na sa wa a bango ko aika wa dangi. Wanda aka kai Turai an buɗa shi ya yi girma, ya zama kayan gwanjo, kuma yawancin mutanen da ke ciki har yau ba su da suna a shafin.

Yanzu intanet ta karɓi wani ɓangare na aikin. A Nuwamban 2022 aka buɗe Digital Benin, wanda ya tattara bayanan kayan Benin 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, kuma an jera su da sunayensu na harshen Edo. Duk da haka sababbin littattafan fasaha ba su daina fitowa ba, domin malami a aji da yaro a gida suna buƙatar abin da aka tsara, aka zaɓa, aka yi wa bayani, ba tulin hotuna ba.

Littattafan da na ambata kan fasahar Hausa duk da Turanci suke, kuma yawancinsu sun yi wuyar samu ko a Zariya da Kano. Ɗan makarantar da aka kai Gidan Makama ko gidan tarihin Yamai ya kamata ya koma gida da littafi a harshensa, wanda zai nuna masa aska takwas da aska biyu a ƙirjin riga, da dagi a goshin soro, ya gaya masa wane ne ya ɗinka, a wace unguwa, a wurin wa ya koya. Takarda mai sheƙi tana da tsada, daga waje ake shigo da ita, amma lissafin Phaidon bai canza ba, kuma masu karanta Hausa miliyoyi ne. Kayan aikin ma suna nan. Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi da zangon Kumasi duk sun yi masu hoto da suka ɗauki angwaye da maniyyata da hawan salla. Abin da ya ceci Keïta shi ne ya adana nagatif ɗinsa, kuma an same shi da ransa ya yi bayani. Masu hotonmu na shekarun 1960 da 1970 da suka rage tsofaffi ne yanzu, kuma su kaɗai za su iya duba nagatif su ce wannan wance ce, 'yar gidan wane, ranar kamunta aka ɗauka.