Littafin magunguna na Lorsch: kamanninsa da hannayen da ya ratsa

A ɗakin karatu na gwamnati da ke birnin Bamberg a kudancin Jamus, akwai wani littafi rubutun hannu mai lamba Msc.Med.1, wanda ake ɗauka a matsayin littafin likitanci mafi tsufa da ya rage daga ƙasar Jamus. An rubuta shi da harshen Latin a gidan ibadar Kirista na Lorsch, kusa da garin Worms, a ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Sarki Charlemagne.

Littafin yana da warƙa 75, wato shafi 150, na fatar maraƙi da aka jeme, kuma tsawonsa ya kai kusan santimita 32. Marubuta da dama ne suka yi aikin, da salon rubutun nan na ƙananan haruffa da ya yaɗu a daular Charlemagne. Ta hanyar nazarin wannan salo ne masani Bernhard Bischoff ya gano cewa a Lorsch aka rubuta shi. Ba littafin ado ba ne, na aiki ne: ya ƙunshi haɗe-haɗen magani kusan 500, sannan waɗanda suka yi amfani da shi daga baya sun yi ƙari a gefen shafuka, har da kalmomin tsohon Jamusanci.

Gabatarwarsa ta fi komai jan hankali. A lokacin akwai masu cewa neman magani shisshigi ne cikin hukuncin Allah, sai marubucin ya kawo hujjoji daga littattafan addininsu cewa jinyar marar lafiya aikin lada ne. Littafin ya kuma ba da shawarar a riƙa amfani da tsirran gida masu araha a madadin kayan waje masu tsada, domin talaka ma ya samu.

Tarihin mallakarsa kuwa wani shafi guda ne ya tona shi. A bayan warƙa ta 42, wani ya rubuta jerin littattafan Sarki Otto na Uku da aka tara masa a Piacenza ta ƙasar Italiya, alamar cewa littafin ya shiga taskar sarki wajajen shekara ta 1000. Da Otto ya rasu a 1002, littattafansa suka koma hannun magajinsa Henry na Biyu, wanda ya kafa kujerar bishop a Bamberg a 1007, ya kuma ba babban cocin garin kyautar littattafai masu yawa. Nan littafin ya zauna kusan shekara 800.

A 1803, lokacin da gwamnatin Bavariya ta karɓe dukiyoyin coci-coci, aka mayar da shi ɗakin karatun da yake ciki yanzu. Ulrich Stoll ya fitar da nassinsa tare da fassarar Jamusanci a 1992, sannan a 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kundinta na rubuce-rubucen tarihi na duniya.